Matar Da Ta Ƙulla Matsala Fiye Da Dubu Biyu

 A wannan mako na ajiye maganar girki da rainon yara, na kawo muku labarin wata sana'a ta ƙwaƙwalwa wadda ba ta bukatar jari, ba ta bukatar rumfa a kasuwa, ba ta kuwa bukatar mace ta taka ƙofar gida. Sana'ar ita ce ƙulla matsala a kan allon wasan nan da Turawa ke kira ces, Larabawa kuwa su ce shaɗaranji. Na san wata za ta ce, ina ruwan biri da gada? To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin a cikin gwanayen wannan aiki akwai wata matar aure mai 'ya ɗaya, saboda ita kuwa na ɗauki alƙalami.

Da farko bari in kwatanta muku wasan kansa. Ya yi kama da dara, amma ya fi ta yawan dokoki. Allonsa gida 64 gare shi, takwas a tsaye takwas a kwance. Mutum biyu ke yi, ɗaya da fararen 'ya'ya 16, ɗaya da baƙaƙe 16. Kowanne yana da sarki ɗaya, sarauniya ɗaya, soro biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas, kowane ɗa kuwa da irin tafiyarsa. Abin da a ke nema shi ne a ritsa sarkin abokin wasa, a kai masa hari ya rasa inda zai sa kansa. Asalin wasan daga Indiya ne, wajen ƙarni na 6, daga nan ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓa suka kai shi har Andalus, sa'an nan ya bazu cikin ƙasashen Turai. A Barno ma an san wani irinsa da a ke kira tsatsarandi, har wani Bature ya rubuta labarinsa a 1939. Abin da zai ba ku sha'awa, a zamanin Larabawa ba sarauniya a allon, waziri ne ke tsaye kusa da sarki, gida ɗaya tak ya ke iya takawa. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 aka ba sarauniya ikon ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, ta zama ita ce mafi ƙarfi duka.

To, yin wasan daban, ƙulla matsala daban. Mai wasa sai da abokin karawa. Mai ƙulla matsala kuwa shi kaɗai ya ke zama. Zai ɗauki 'ya'ya kaɗan ya jera su a allo yadda ya tsara, ya zana hotonsu a takarda, ya rubuta a ƙarƙashi cewa Fari ne zai fara, ya kuma ritsa sarkin Baƙi a taku biyu, ko uku, ko huɗu, duk yadda Baƙi ya yi ta kare kansa. Sai ya aika wa jarida, masu karatu su yi ta fama har su gano. Ashe kun ga ɗan'uwan kacici-kacici ne, irin wanda kakanninmu mata kan yi mana da dare, sai dai wannan da itace a ke yinsa maimakon baki.

Amma fa ba kowane jeri ne a ke kira matsala ba. Masu wannan sana'a suna da sharuɗɗa masu tsanani. Na ɗaya, takun farko, wanda su ke kira mabuɗi, lalle ya zama ɗaya rak. In wani mai karatu ya samo wata hanya ta biyu wadda mai ƙullawa bai nufa ba, an sami ɓaraka ke nan, aikin ya lalace ko da an yi wata shida ana yinsa. Na biyu, kowane ɗa da ke kan allo sai ya kasance da aikin da ya ke yi. Ba a ajiye doki don ado, yadda mace mai tattali ba ta zuba wa miya abin da ba zai ƙara mata daɗi ba. Na uku, jerin ya zama abin da zai iya faruwa a wasa na gaskiya. Na huɗu shi ne na gwaninta: ba a son mabuɗi mai ƙarfi-ƙarfi, wanda zai cinye ɗan Baƙi ko ya auka wa sarki nan take, domin shi kowa zai fara gwadawa. Mabuɗin da a ke yabo shi ne mai sanyi, wanda mai kallo zai ɗauka wauta ce, watakila ma ya ƙara wa sarkin Baƙi wurin gudu, sai daga baya a ga ashe duk inda ya nufa tarko na jiransa.

Yadda su ke aikin kuwa, daga ƙarshe su ke farawa. Mai ƙullawa ya kan fara da hoton kamun da ya ke so a ƙare da shi, sa'an nan ya riƙa komawa baya yana neman yadda za a iso wurin. In ya ga ɓaraka ya toshe ta da dakare ɗaya, sau da yawa toshiyar nan ita ke buɗe wata sabuwa a wani gefe, sai ya sake lale. Duk wadda ta taɓa zaren hula ta san wannan hali: kuskuren allura ɗaya a tsakiya ya kan sa a warware aikin yini guda. A dā abokai a ke ba su duba kafin a buga, duk da haka masu karatu kan kama ɓaraka su rubuto wa edita. Yanzu kwamfuta ke wannan bincike cikin ƙiftawar ido, amma tunanin farko har yau daga kan ɗan Adam ya ke fitowa.

Musulmi ne suka fara rubuta irin waɗannan matsaloli a littafi, suna kiran kowace ɗaya mansuba, watau abin da aka kafa. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, an yi wani gwani Al-Adli a ƙarni na 9, bayansa aka yi Abubakar As-Suli, marubucin tarihi kuma abokin hirar halifofi, wanda ya rasu wajen 946. As-Suli ya bar wata matsala ya yi alfahari cewa ba mai warware ta sai wanda shi ya nuna wa. Haka kuwa ta zauna kusan shekara dubu, sai a shekarun 1980 wani gwanin Rasha mai suna Yuri Averbakh ya gano hanyarta.

Mansubar da ta fi kowace suna kuwa, sunan mace ta ci, Dilaram. Labarin da a ke bayarwa, wanda ya fi kama da almara, shi ne wai wani basarake ne shaiɗan ya ruɗe shi da caca, ya yi ta sa dukiyarsa ana cinyewa, har ya kai ga sa matarsa Dilaram. Wasa ya juya masa baya, saura taku ɗaya a kama sarkinsa. Matar tana kallo daga gefe, sai ta hango abin da shi bai gani ba, ta ce masa ya ba da sorayensa biyu a cinye, kada ya ba da ita. Ya bi maganarta, ya miƙa soro na farko, giwa ta yi tsalle ta buɗe hanya, ya miƙa na biyu, dakare ya matsa, doki ya ƙarasa aiki. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, jerin yana nan cikin tsofaffin littattafai, kuma daidai ya ke fita. Ku lura da abu biyu: caca ta kusa raba mutum da iyalinsa, hankalin mace kuwa shi ya fid da shi kunya.

Turawa sun ɗauki sana'ar sun ƙara mata dabaru. Wani limamin Kirista da ke aiki a Indiya, Henry Loveday, ya aika wa wata mujalla ta Landan matsalar da har yau a ke kira ta Indiya, aka buga ta a 1845. A ces, in Baƙi ya rasa takun da zai yi alhali ba a kai wa sarkinsa hari ba, wasa ya tashi kunnen doki. Dabarar Loveday ita ce Fari ya ja giwarsa baya, sa'an nan ya sa soronsa ya tare mata hanya da gangan, don sarkin Baƙi ya sami gida ɗaya na takawa. Yana takawa, soro ya kauce, hari ya zo masa ta wuri biyu. Matsalar tasa tana da ɓaraka, amma dabarar ta rayu, masu ƙullawa sun yi ta gina sababbi a kanta.

A Amurka kuma aka yi Sam Loyd, wanda aka haifa a 1841 ya rasu a 1911. Yana ɗan shekara 14 aka fara buga matsalarsa a jarida. Shi mutum ne mai barkwanci. An ce wani abokinsa ya cika baki cewa da ya dubi allo ya kan san ɗan da zai yi kamun. Loyd ya jera masa wata, ya ce to, nuna mini wanda ka tabbata ba shi zai yi ba. Abokin ya nuna wani dakare da ke can baya, ko motsawa bai yi daga gidansa ba. Ai kuwa dakaren nan ne ya yi ta tafiya taku biyar, ya ƙure allo, ya kama sarki. An buga wannan matsala a 1861.

Yanzu mun iso kan wadda na yi muku alkawari. Sunanta Edith Baird, Baturiyar Ingila, an haife ta a 1859. Gidansu gidan masu son ces ne, ubanta na yi, 'yan'uwanta maza biyu na yi, ita ma tun tana ƙarama ta koya. A 1880 ta auri wani likitan sojan ruwa, a 1881 ta haifi 'yarta Lilian. Sai a 1888, bayan shekara takwas da aure, tana da shekara 29, ta fara ƙulla matsala. Ku riƙe wannan lissafi, domin shi ne gishirin labarin. A shekarun da mu kan ce mace ta gama, ta zama uwar gida sai jiran jikoki, a nan ita ta soma.

Ba ta daɗe ba ta fara cin kyaututtuka. A 1893 ta shiga wata gasa tare da manyan mazan da suka yi suna a wannan fage, ta zo ta ɗaya. A 1902 ta buga littafi mai ɗauke da matsalolinta 700. A 1907 ta sake buga wani, wanda ta cika shi da wani iri mai wuya, inda a ke fara janye takun da aka riga aka yi kafin a nemi kamun. Har jera 'ya'yan ta kan yi su fito da siffar baƙaƙen rubutu, duk da haka matsalar ta fita daidai. Kafin ta rasu a 1924 ta ƙulla fiye da 2,000, jaridun zamaninta suna kiranta sarauniyar ces. Kayan aikinta allo ne, da takarda, da fensir, da kan sarkin aika wasiƙa. Da sunan mijinta ta ke sa hannu, kamar yadda matan Ingila ke yi a lokacin, amma kowa ya san aikin na wace ce.

'Yar tata fa? Lilian ta fi uwar saurin tashi. Ba ta kai shekara goma ba aka fara buga nata, kafin ta wuce 13 ta ƙulla fiye da 70, jaridu suna ta mamakinta. Amma ba ta kai shekara ashirin ba ta ajiye abin. Yau in ana lissafin gwanaye uwar a ke ambata, 'yar kuwa sai dai a ce ta yi ƙuruciya mai ban mamaki. Ku 'yan makaranta, musamman ke da ke zuwa ta ɗaya a aji, wannan naku ne. Kaifin ƙwaƙwalwa kyauta ce daga Allah, amma wuƙar da aka daina wasawa tsatsa ta ke yi. Mu da ke koyarwa mun sha ganin yarinya ta fita makaranta tana warware lissafin da ya gagari maza, bayan shekara biyar a same ta ko wasiƙa ba ta son rubutawa, alhali ba wanda ya ƙwace mata ilmin. Barinsa ta yi ya kwanta.

Kada ku zaci a Turai hanya a share ta ke ga mata. A ƙasar Suwizalan an yi wata gwana, Odette Vollenweider, wadda ta yi shekaru tana buga aikinta da sunan namiji, Gabriel Baumgartner, kafin ta fito da sunanta na gaskiya. Kyawun wannan sana'a shi ne allo bai san namiji ba bai san mace ba. A manyan gasa a kan cire sunayen masu aikowa kafin a miƙa wa alƙali, ya duba aiki tsagwaronsa.

In kuwa ana maganar haƙuri, sai ku ji labarin wata matsala da wani Ba'amurke, Joseph Babson, ya kawo shawararta a 1884. A ces, dakaren da ya ƙure allo a kan naɗa shi sarauniya, ko soro, ko giwa, ko doki, yadda mai shi ya zaɓa. Babson ya ce a ƙulla matsalar da in Baƙi ya naɗa dakarensa sarauniya, dole Fari ya naɗa nasa sarauniya; in soro, soro; in giwa, giwa; in doki, doki; duk a jeri ɗaya, kuma ba wata hanya sai wannan. Wani Bafaranshe, Pierre Drumare, ya yi fiye da shekara ashirin yana fama, har a 1982 ya ce abin ba zai yiwu ba. A 1983 sai ga wani saurayi daga birnin Kazan na Rasha, Leonid Yarosh, mai koyar da ƙwallon ƙafa, wanda ba a san shi ba a fagen, ya fito da ita cif. Shekara 99 ke nan tsakanin tambaya da amsa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, in ji Hausawa, ko da ya ke a nan wani ya hura wutar, wani ya sha romon.

Za ku tambaya, nawa su ke samu? Yawancinsu ko anini. Thomas Dawson na Ingila, wanda ya rasu a 1951 bayan ya ƙulla dubbai, masanin harhaɗa roba ne, da ita ya ke ci da iyalinsa. Comins Mansfield, gwanin matsala mai taku biyu, ma'aikacin kamfanin taba ne. Wani Ba'amurke, Alain White, daga 1905 zuwa 1936 ya riƙa buga littattafan matsaloli da kuɗinsa yana aika wa abokai kyauta lokacin Kirsimeti. Sun kafa ƙungiyarsu a Ingila a 1918, suka fara mujallarsu a 1926. Yawancinsu da rana suna wurin neman abinci, da dare su zauna gaban allo don jin daɗin yin abu ya fita ba aibi.

Akwai maganar da ba zan ɓoye muku ba. Malamanmu sun yi magana a kan shaɗaranji. Littafin Risala da a ke karantawa a zaurukanmu ya hana yinsa, waɗansu malaman Shafi'iyya kuwa sun sassauta in ba caca a ciki kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Wannan fage na malamai ne, kowace ta tambayi nata ta bi abin da ya ce mata. Ni ban zo in sa ki sayi allo ba. Abin da na ke so ki ɗauka shi ne halin mutanen nan: zama da abu ɗaya har sai ya gyaru, ƙin yarda da aikin da ke da ɓaraka, da cire duk abin da ba shi da amfani.

Wannan hali kuwa ba ya bukatar doki ko soro. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa tambayar jarrabawa mai amsa biyu laifin malama ne, kada a ɗora wa yarinya. Sharaɗin mabuɗi ɗaya ke nan. Mai yanka riga da ta san inda kowane ƙyalle zai shiga, ba ta bar saura a ƙasa ba, sharaɗin tattali ta bi. Uwar gida da ta fara lissafi daga ranar da albashi zai ƙare ta komo baya tana raba kuɗin cefane, daga ƙarshe ta fara, kamar mai ƙulla matsala. Kuna yin abin kullum, sai dai ba ku ɗauke shi aikin ƙwaƙwalwa ba.

Na san aikin gida ba ya ƙarewa, wata ma kafin ta sauke tukunyar rana ta dare ta matso. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu mu kan sami ɗan sarari tsakanin azahar da la'asar, ko bayan yara sun yi barci. Ina ya ke tafiya? Wani a hirar abin da bai shafe mu ba, wani a latse-latsen waya. Rabin sa'a a yini, in aka tara, ya haura sa'a 180 a shekara. Edith Baird ba ta fi mu sa'o'i a yini ba.

Saboda haka ga ɗan aikin da na ba ku kafin mako mai zuwa. Kowace ta ƙulla nata kacici-kacici sabo, wanda ba ta ji a bakin kowa ba, ko kuwa tambayar lissafi a kan kuɗin cefane, ko awon hatsi, ko rabon goro. Sharaɗi biyu ne: amsa ta zama ɗaya tak, kuma kada a bar kalma ko ɗaya wadda in an cire ta tambayar za ta tsaya. Ki gwada shi a kan maigida, ko kishiya, ko ƙawayenki na aji. In wani ya kawo amsa ta biyu wadda ta dace, kada ki yi fushi, ki gode masa, ki koma ki toshe ɓarakar. In ya tsaya daram, ki rubuto shi zuwa wannan fili tare da amsarsa a wata takarda dabam, don sauran 'yan'uwa su gwada ƙwaƙwalwarsu. Ku iyaye kuma, in kun ga 'yarku ta yi shiru tana ƙirga wani abu da tsinke a ƙasa, ku ɗan jinkirta aiken.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa mu amfana da abin da muka koya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.